Abin da Ya Kai Riskuwa Kwatano

A bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, Malam Mamuda, malamin gona na Illo, ya dawo gida da azahar, ya jingine kekensa a jikin rumbu, ya ce wa matarsa Riskuwa ta fara shiri, za su yi tafiya.

Riskuwa tana tankaɗen garin shinkafa. Ta ajiye rariya.

"Wa yar rasu?"

"Ba wanda yar rasu."

"Biki na?"

"Hutu na. An ba ni hutu, irin wanda aka ba Jan Kunne."

Jan Kunne shi ne Baturen gona da ke zuwa rangadi daga Birnin Kebbi. Mamuda ya daɗe yana yi masa tafinta, yana bin sa fadama-fadama da igiyar awo, ga shi yanzu Baturen ya koma ƙasarsu, Mamuda ya gaji aikin. Duk shekara Jan Kunne yakan ɗauki matarsa su tafi bakin teku, su dawo sun yi jawur, fatar hancinsu tana saɓa. Mutanen Illo sun ɗauka wata cuta ce ta Turawa, ba su taɓa tambaya ba.

"To mi za mu sawo?" in ji Riskuwa.

"Ba mu sawo komi."

"Wa za mu gaida?"

"Ba kowa. Ni da ke ɗai. Mu zauna bisa rairayi, mu kalli ruwa, mu sha rana."

Riskuwa ta dubi tsakar gida. Kaji sun laɓe ƙarƙashin rumbu, bakinsu buɗe, suna haki.

"Malam, rana ta ƙare muna nan Illo?"

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce ranar can daban ce, da iska take tafe. Ya taɓa ganin teku sau ɗaya a Ikko lokacin da aka tura shi kwas, amma Ikko ba ta cikin lissafi, domin hutun manya sai an ƙetare iyaka. Ya faɗi haka da gaske, a garin da mata ke ƙetare iyaka su sayo gishiri su dawo kafin tuwo ya nuna, awaki ma kullum safiya sai sun yi kiwo a ƙasar Dahome. Ya lissafa mata wurare uku: Lome, da Ankara ta ƙasar Gana, da Kwatano ta Dahome.

"Ke za ki zaɓa. Haka aka yi yanzu."

Ba a taɓa ba ta zaɓin abin da ya wuce launin atamfa ba. Ta yi ta juya sunayen a ranta har la'asar. Lome ba ta san ko ta ina ake fuskantarta ba. Ankara ta yi nisa. Kwatano kuwa hanya ce miƙaƙƙiya: a shiga mota a Malanbil zuwa Paraku, daga nan jirgin ƙasa, ga shi tana jin Dandanci, ba za a sayar da ita a hanya ba. Wannan shi ne dalilin da ta ba Mamuda. Akwai wani da ta riƙe a ciki. A bakin Kwara ta girma, duk ruwan da ta sani yana da ƙetare, kana hangen mutum a can yana ɗaga maka hannu. Mamuda ya ce wannan ruwan ba shi da ƙetare. Tun da ya faɗa maganar ta ƙi fita daga kanta.

Washegari ta je ta durƙusa gaban Goggo. Goggo Asma'u ita ce mahaifiyar Mamuda, kuma yayar mahaifin Riskuwa, ita ta haɗa auren, ita ce kuma ta fi kowa jin nauyin shekarun da suka wuce gidan babu kukan jariri.

"Kwatano," in ji Goggo. "Bakin teku."

"E, Goggo."

"Ku biyu."

"Mu biyu."

Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "To. Ni ban ji ba, ban gani ba. Ubanki kuwa ba shi jin ta daga bakina."

Riskuwa ta fito tana mamaki, amma ta ɗauka tsufa ne. A bakin rijiya sai ta ga mata sun sauke murya da isowarta. Wata ta karɓe mata guga ta ja mata ruwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Wata ta dafa kafaɗarta ta ce, "Allah shi sa a dace." Ta amsa da amin, ba ta san da me za a dace ba.

Jummai ce ta warware mata. Jummai matar Arzika mai kwalekwale ce, tana kawo musu ƙyafaffen kifi, ita ma ta daɗe a ɗakin miji babu haihuwa. Ta zo da hantsi ba tare da kwandon kifi ba, ta ja Riskuwa bayan madafa, ta kwance gefen zaninta ta fito da wata 'yar kwalba wankakkiya.

"In kin je wurin mutumin, ki ambaci sunana. In bai yarda da saƙo ba, ko ruwan ɗai ki ɗebo min."

"Wane mutum?"

"Haba 'yar'uwa, ni za ki ɓoye ma? Ciwonmu guda. Kowa ya san abin da ka kai mace irinmu Dahome."

A Illo an daɗe ana cewa mutanen bakin tekun Dahome suna da 'yan tsafi masu roƙar wa mace ɗa daga ruwa. Ba wanda ya taɓa ganinsu. Kullum wata mata ce a Kandi ta Dahome aka ce ta je ta dawo ta haifi tagwaye, kuma in ka je Kandi sai a ce maka matar 'yar Illo ce. Amma labarin ya zauna, kamar yadda duk abin da ba a bincika ba yakan zauna.

Riskuwa ta ji zafi ya taso mata daga wuya har fatar kai. Ita, 'yar malamin da ke karantar da rabin garin, ita ake zato za ta je ta durƙusa wa boka. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta ji yadda gaskiyar za ta fito: mijina zai kai ni in zauna kusa da shi a kan rairayi da rana tsaka, don daɗi kawai. A garin da mace ba ta jerawa da mijinta a hanya, ba ta cin abinci kwano ɗaya da shi, ba ta kama sunansa ko da shi kaɗai ne a ɗaki. Macen da ta je wurin boka don neman ɗa, za a ce larura ce, a tausaya mata, a yi mata addu'ar shiriya. Wadda ta bi miji yawon kallon ruwa kuwa, babu sunan da za a kira ta da shi sai mara kunya.

Ta karɓi kwalbar, ta ƙulle a gefen zaninta.

Da Mamuda ya dawo ta ajiye masa abinci, ta koma nesa kaɗan ta zauna.

"Malam, na sake shawara. Ankara."

"Mi yas sami Kwatano?"

"Ba komi. Ka ce ni ka zaɓe."

Bai ja ba. Ya ce Jan Kunne ma ya fi yabon Ankara. Ya faɗa wa abokansa a bakin kasuwa, kafin magariba duk Illo ta ji.

Ankara gari ne mai mutunci, domin hanyar Gwanja ce, kuma babu gidan da ba shi da wanda ya bi goro ko cirani ya yi can. Kashegari tun da sassafe aka fara sallama. Baffa Manu ya zo a nemo masa ɗansa da ya tafi tun kafin yaƙin Hitila, an ce an gan shi yana gadi a wani kanti. Sakinatu mai ƙosai tana son atamfa mai hoton tsuntsu. Arzika ya kawo damin busasshen kifi a kai wa surukinsa. Wani ya kawo wake, wani ya kawo tabarmi. Zaure ya cika har keke ya rasa wurin jingina. Matan rijiya suka koma gaishe ta da murya sosai, kowa ta ja gugarta da kanta.

Goggo kuwa ta sa aka sauko mata da adudunta.

"Tunda Allah ya shirye ku kunka bar wancan zance, ni ma za ni. Ƙanena na Kumasi, ban gan shi ba tun ina goyon wanga yaro. Ku aje ni can in yi wata guda, ku zauna tare da ni, mu komo tare."

"Goggo, Kumasi ba ta da teku," in ji Mamuda a hankali.

"Teku ɗan'uwanka na?"

Mamuda ya tashi ya fita. Riskuwa ta same shi da la'asar a zaure, zaune kan buhun waken mutane, yana kallon takalminsa na kanti da ya saya don tafiyar.

"Ba komi," ya ce, bai ɗago ba. "Teku na nan. Wata shekara."

Ta lura yana kauce wa idonta. Ashe shi ma kunya yake ji, kunyar an kama shi yana son abin da ba shi da amfani. Ta tsaya tana duban kayan da suka cika zauren, sai wani tunani ya zo mata wanda ta so a ce bai zo ba. Duk kwanakin da ake cewa Kwatano za su, ba wanda ya ce zai bi su. Ba wanda ya ba su saƙo, in ban da 'yar kwalba guda. Ba a raka mutum wurin abin kunya.

Ta yi sallar la'asar, ta daɗe a kan tabarma. Sannan ta tashi ta nufi ɗakin Goggo, ta tarar tana ninke zannuwa.

"Goggo, Ankara ba ta yiwuwa. Kwatano za mu."

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Don maganar nan?"

Riskuwa ta kafa ido a kan daɓe.

"E."

Da Goggo ta yi faɗa da abin ya zo da sauƙi. Sai ta jawo ta jikinta, ta rungume kanta, hawaye suna sauka a kan ɗankwalinta. Ta ce Allah ya ga zuciyarta, Allah ya yafe musu baki ɗaya, ita ce ta matsa mata da ido duk shekarun nan. Ta tona ƙasan adudu ta ciro wani farin zane saƙi wanda ta ajiye tun aurenta.

"An ce farin tufa suka biɗa. Riƙe."

Da dare ta ce wa Mamuda Kwatano dai za su, bai nemi dalili ba. Kafin kwana biyu zaure ya koma wayam. Kowa ya aiko an ɗauke masa kayansa, ba wanda ya nemi bayani. Ranar tafiya Riskuwa ta je sallama da mahaifinta. Yana zaune a kan buzu, littafi buɗe a gabansa. Ya amsa gaisuwarta bai ɗago kai ba. Har ta miƙe sannan ya ce, "Ki riƙe salla." Wannan kalma ta bi ta a motar Malanbil, ta bi ta a jirgin ƙasa, duk ƙarar ƙarfe ba ta danne ta ba.

A Kwatano suka sauka gidan wani Bazabarme mai saukar da fatake. Da safe Mamuda ya sa kwat da takalmin kanti, Riskuwa ta yafa mayafi, ya wuce gaba tana biye a baya kamar yadda aka saba. Tun kafin su ga ruwan ta ji ƙugi kamar hadari na tasowa, alhali sama tas. Suka haura wani tudun rairayi tsakanin itatuwan kwakwa, sai ga shi.

Ta nemi ƙetaren. Ta kare ido da hannu ta sake nema. Ruwa ne kawai yake tafiya har ya shige cikin sama. Ta zauna inda take.

Mamuda ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar rana, domin haka Jan Kunne ke yi. Ya zauna a wannan baki, ta zauna a wancan, tsakaninsu mutum biyu za su iya kwanciya. Ba a jima ba gumi ya jiƙe kwat ɗin. Ya daure, ya ƙara daurewa, sannan ya ce wataƙila Turawa suna da wani sirri da ba su faɗa masa ba, suka ja tabarma zuwa gindin kwakwa. Inuwar 'yar kaɗan ce, dole suka matso.

Masunta suna jan wata doguwar igiya daga cikin ruwa suna waƙa. Mata suna wucewa da tire a ka. Ba wanda ya dube su sau biyu. Wata ta sayar musu da soyayyen kifi a ganye ɗaya, babu kwano na biyu, suka ci tare, kowa yana kallon gefe. Mamuda ya ce sai ya taɓa ruwan. Ya tuɓe takalmi ya ajiye a bakin gaɓa, ya naɗe wando ya shiga har ƙauri. Igiyar ruwa ta zo ta wuce shi, ta koma da takalmi ɗaya. Ya bi shi da gudu, kwat na kaɗawa, wata igiyar ta mayar da shi zaune. Riskuwa ta ji wata mata tana ƙyalƙyala dariya har da buga cinya, sai daga baya ta gane ita ce.

Ta ji daɗi. Wannan ne abin da ya fi damun ta. Da wurin ya zama banza, da ta ce ta riga ta karɓi hukuncinta.

Ran da za su juyo ta kwance gefen zani ta fito da kwalbar, ta tattare zani ta shiga ta ɗebo.

"Tsaraba ta?" in ji Mamuda yana murmushi.

Ta toshe bakin kwalbar. Ta zauna kusa da shi, ta faɗa masa duka: matan rijiya, Jummai, farin zanen da ke ƙasan jaka, da "e" ɗin da ta ce wa Goggo. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya daɗe yana tona rairayi da yatsan ƙafa.

"Ni ina bakin kasuwa ina ba su labarin kwakwa, suna ta gyaɗa kai. Ashe mutuncinki munka taka munka zo nan."

"Ni nit taka shi da ƙafata."

"In mun koma zan tara su in yi bayani."

"Wa ka yarda da kai, Malam? Cewa za su yi kana rufa min asiri." Ta juya kwalbar a hannunta. "Bar ni da mata."

Sun iso Illo da hantsi. Goggo ta fito tarbarsu, ta amsa gaisuwa, amma idonta a kan cikin Riskuwa ya fara sauka kafin fuskarta. Ba a yi awa ba sai ga Jummai, ta yi wanka ta sa lalle kamar mai zuwa suna. Suka koma bayan madafa. Riskuwa ta miƙa mata kwalbar, Jummai ta karɓa da hannu biyu.

"Ya karɓi sunana? Sha aka yi ko wanka?"

"Jummai, ban ga kowa ba."

"Ba shi gari?"

"Ban biɗe shi ba. Ba don shi munka tahi ba. Ban ma san ko akwai shi ba. Ruwan teku na, ni niɗ ɗebo da hannuna, ba a tofa mai komi ba."

"To mi kunka yi can?"

"Zama."

"Zama." Jummai ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke da shi?"

"Ni da shi."

"Da rana, mutane na gani?"

"Suna gani."

Riskuwa ta ji zafin nan ya sake taso mata, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Jummai ta zare toshiyar kwalbar, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Gishiri." Ta mayar da toshiya. "Tun da kinka tahi nike ƙirga kwana. Har Arzika ya ce mi yas same ni nike waƙa wurin ƙyafe. Da kin bar ni da zatona."

"Na so in bari."

"Kin ci amanata, 'yar malam."

"Na ci."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar tsaki a gabansu, ba wadda ta kore ta. Jummai ta fara ƙulle kwalbar a gefen zaninta, ta ƙulla sau biyu kamar yadda ta kawo ta. Ba ta dubi Riskuwa ba ta ce, "Da kunka zauna, mi kunka ce ma juna?"

"Ya ce ruwan da sanyi. Na ce e."

"Shi ke nan?"

"Ya tambaye ni ko ina son kwakwa."

"Ya tambaye ki." Jummai ta gyara ɗaurin zani. "Hm. Goggo ta sani?"

"Yanzu za ni."

"To Allah shi ba ki sa'a. Wannan ta fi ni baki."

Ta fita ba sallama. Riskuwa ta shiga ɗaki ta ciro farin zanen daga ƙasan jaka, yana nan da ninkinsa na Illo, sai ɗan rairayin da ya shiga tsakani. Ta kakkaɓe. Ta ratsa tsakar gida cikin rana, ta durƙusa a bakin ƙofar Goggo da zanen a kan hannayenta, ta yi sallama.

Goggo ta ɗaga asabari. Ta dubi zanen, ta ga ba a warware shi ba. Sannan ta dubi fuskar Riskuwa.

"Shigo," ta ce, "ki saki asabarin."